Haƙorin da ya manne da ƙashi: me hoton eksire ke iya nunawa?

Yaya haƙori ke mannewa da ƙashi?

Tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn nama mai zare-zare, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Shi ke riƙe haƙori, shi ke ba shi ɗan motsin da ba ma ji lokacin tauna. Idan naman nan ya mutu, ƙashi sai ya haɗe da saiwar kai tsaye. Abin ya fi faruwa ga turamen yara na ƙasa kafin famfara, da kuma haƙorin gaba da ya fita a faɗuwa ko haɗarin babur aka mayar da shi bayan ya bushe. Idan ya wuce minti 60 a bushe, da wuya naman ya rayu, shi ya sa ake cewa a tsoma shi cikin madara a garzaya asibiti.

Likita zai gane ba tare da hoto ba?

Sau da yawa kunnensa ke fara gaya masa. Yana ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubinsa: lafiyayye yakan ba da sauti a dushe, mannanne kuwa sai ya yi ƙara mai kaifi kamar an taɓa ƙarfe. Ga yaro mai girma, za a ga haƙorin ya tsaya ƙasa da 'yan'uwansa, domin su suna tasowa tare da ƙashi, shi an bar shi a baya.

To me ya sa ake ɗaukar hoto?

Don a ga halin da saiwar ke ciki. A ƙaramin hoton eksire, lafiyayyen haƙori yana da siririn layi baƙi kewaye da saiwarsa. Inda layin ya ɓace, nan ake zargin mannewa. Hoton kuma yana nuna cinyewar saiwa, wadda take iri-iri. Akwai wadda ƙashi ke maye gurbin saiwar sannu a hankali har ta ƙare. Akwai wadda ƙwayoyin cuta daga mataccen ɓargon haƙori ke haddasawa, mai saurin ɓarna, amma ana iya tsayar da ita idan aka wanke cikin haƙorin da wuri. Akwai kuma wadda ke farawa daga ciki, wani lokaci har haƙorin ya ɗauki launin ruwan hoda. Don bambance ta ciki da ta waje, likita kan ɗauki hoto biyu daga kusurwa daban: ramin ciki ba ya gusawa daga tsakiyar saiwar, na waje yakan gusa.

Hoton na iya rasa matsalar?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ya kamata iyaye su sani. Hoton shimfiɗe yake, gefuna biyu na saiwar kawai yake nunawa da kyau. Mannewa ta ɓangaren leɓe ko na harshe tana iya ɓuya. Na'urar CBCT, mai ɗaukar hoton eksire ta kewayen kai, wadda ta fara shiga aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, tana yanka hoton ta kowace fuska. Sai dai hasken eksire da take sakawa a jiki ya fi yawa, kuɗinta ma haka, ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka ba a ɗora yaro a kai sai amsar za ta canza magani.

Ana iya gyara shi da waya?

A'a. Wayar daidaita haƙora ba ta motsa mannannen haƙori, maƙwabtansa ne za su karkato. Ga yaro mai girma, likitoci kan cire kan haƙorin su bar saiwar a binne, domin ƙashin wurin ya ci gaba da tasowa har lokacin da za a yi masa dashe.