Daidaita canjin rubutu a sabar harshe

Sabar harshe manhaja ce da ke aiki a bayan editan kod: ita ke nuna wa mai rubutu kurakuransa, ta kawo masa shawarar ƙarasa kalma, ta kai shi inda aka fara bayyana wani suna. Yawancin irin waɗannan sabobi suna bin ƙa'idar LSP (Language Server Protocol), wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2016, inda edita da saba ke musayar saƙonni ta JSON-RPC, wani tsarin aika buƙata da karɓar amsa tsakanin manhajoji.

Da zarar an buɗe fayil, edita zai aika da saƙon didOpen ɗauke da rubutun baki ɗaya da lambar siga. Daga nan har zuwa didClose, saƙon rufe fayil, abin da ke cikin edita shi ne abin dogaro. Bai kamata saba ta koma faifai ta karanta fayil ɗin ba, domin mai rubutu kan yi gyara bai adana ba. Dole ta riƙe kwafinta, ta riƙa sabunta shi duk lokacin da didChange, saƙon da ke sanar da gyara, ya iso.

Hanya mafi sauƙi ita ce edita ya sake turo rubutun duka a kowane gyara. Ba ta cika kawo matsala ba, sai dai nauyi idan fayil ya yi girma. A ɗaya hanyar kuwa, ɓangaren da ya canja kaɗai ake turowa: inda ya fara, inda ya ƙare, da sabon rubutun da zai maye gurbinsa. Idan saƙo ɗaya ya ƙunshi gyara da yawa, bi da bi ake aiwatar da su, kowanne a kan sakamakon wanda ya gabace shi.

A nan ne gizo ke saƙar. Ana ƙirga layi da harafi daga sifili, kuma asalin ma'aunin da ƙa'idar ke ƙirga gurbin harafi da shi shi ne UTF-16, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiye haruffa a kwamfuta. Ɗauki kalmar "ƙofa": ga edita, harafin "o" yana gurbi na 1, amma sabar da ta ajiye rubutu a UTF-8, wani tsarin da ke ƙirga da bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), za ta tarar da shi a bayit na 2, saboda "ƙ" bayit biyu yake ci. Yawancin alamomin emoji gurbi biyu suke ci a UTF-16, bayit huɗu a UTF-8. Kuskure ɗaya a wannan lissafi ya isa ya raba kwafin saba da na edita, sai jan layin kuskure ya riƙa faɗawa inda babu laifi, kuma abin ba ya gyaruwa sai an sake buɗe fayil ɗin. Siga ta 3.17, wadda ta fito a 2022, ta ba ɓangarorin biyu damar daidaitawa kan UTF-8, UTF-16 ko UTF-32 tun a farkon haɗuwarsu. Ƙarshen layi ma yana da nasa tarko, tunda alamominsa uku, \n da \r\n da \r, duk karɓaɓɓu ne.

Saboda yatsu sun fi bincike sauri, sabobi da yawa kan ɗan dakata bayan gyara kafin su sake nazarin kod. Lambar siga, wadda ke ƙaruwa da kowane canji, ita ke nuna musu sakamakon da ya tsufa domin su watsar da shi.