Wa zan fara yi wa aiki? Tambayoyin sabon ma'aikacin motar asibiti a arewacin Kamaru

Duk shekara idan makarantun lafiya na Garwa da Marwa suka yaye ɗalibai, sai yara su riƙa samuna bayan la'asar da takardunsu a cikin leda. Wasu sun ƙara da horon agajin gaggawa, suna son aikin ambulans, sun kuma ji cewa na daɗe a bayan mota ina riƙe da majinyata a kan hanya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsar da nakan bayar.

Kawu, su wa ke ɗaukar irinmu a wannan yanki?

Ba su da yawa. Akwai asibitocin gwamnati, daga na gunduma har manyan na Ngawundere da Garwa da Marwa. Akwai asibitocin mishan, da asibitocin kuɗi na cikin gari, da ƙungiyoyin agaji irin su Kurwa Ruj (Red Cross) da MSF (ƙungiyar likitocin da ba ruwansu da iyaka) da masu aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Sai manyan kamfanoni masu ɗakin shan magani na ma'aikatansu. 'Yan kwana-kwana da ake kira a lamba 118 su ma suna kwasar waɗanda suka yi haɗari, amma sojoji ne a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ba a shiga cikinsu sai ta ƙofar ɗaukar soja.

Abu ɗaya ka sani tun yanzu. Yawancin aikin motar asibiti a nan ba jiniya ba ce zuwa wurin haɗari. Wanda babur ya kaɗe, kafin mota ta tashi jama'a sun riga sun ɗora shi a wani babur ɗin. Aikinka shi ne ɗauko wanda ƙaramin asibiti ya gaza, ka kai shi babba da ransa: mace mai doguwar naƙuda, mai jijjiga, mai zubar jini bayan haihuwa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, manomin da kububuwa ta sara a kwarin Binuwai. Tun da aka kawo shirin takardar lafiya ta mata masu ciki a jihohin arewa uku, wadda mace ke saya sefa 6,000, matan da ake turowa daga ƙauye sun zama babban kason wannan aiki.

To ba wanda ya fi biya zan bi ba?

A shekarar farko, a'a. Na san wannan maganar ba ta da daɗi ga wanda iyayensa suka sayar da buhunan dawa suka biya masa makaranta. Amma takardar da ke hannunka shaida ce kawai cewa ka ci jarrabawa, hannunka bai riga ya faɗa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk ɗabi'ar da ka koya a wurin aikinka na farko, mai kyau ko maras kyau, da ita za ka tsufa.

Don haka tambayar da za ka fara yi wa mai ɗaukarka ita ce: wa zai zauna tare da ni a bayan mota, kuma har tsawon wane lokaci? Idan suka ce tun makon farko kai kaɗai ne da direba, wannan wurin ba na sabon shiga ba ne, ko nawa suke biya. Wuri nagari shi ne inda za a haɗa ka da tsohon hannu na wasu watanni, inda akwai likita ko majo, wato babban nas, da zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare, inda bayan an dawo daga tafiya mai wuya ake zama a duba abin da aka yi daidai da wanda aka kuskure, ba tare da an ci mutuncinka a gaban dangin majinyaci ba.

Ni wurin da na fara, albashinsa ya fi na abokaina, har ina yi musu kuri. A wata na biyu aka tura ni ni kaɗai da wata mata mai zubar jini. Muna tsakiyar hanya ruwan da aka ɗaura mata ya tsaya, allurar ta fita daga jijiya, mota tana tsalle, ban taɓa neman jijiya a jikin wanda jininsa ya yi ƙasa haka ba. Allah ya yi da sauran kwananta, muka isa. Amma ba gwanintata ba ce ta kai ta, kuma washegari babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Abokina da yake karɓar ƙasa da ni a wani asibitin mishan, kafin shekara ta zagayo ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, saboda wata tsohuwar ungozoma ce take fita da shi.

Yaya zan gane motar kirki daga kwalliya?

Ka roƙi a buɗe maka bayanta kafin ka sa hannu a komai. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa. Ka fara da tukunyar iskar numfashi, ka duba agogonta, ka tambayi inda ake cika ta. Ga lissafi mai sauƙi: tukunya mai lita 10 da aka cika har agogonta ya nuna bar 150 tana ɗauke da iska lita 1,500. Idan majinyaci yana shan lita 10 a minti, awa biyu da rabi ta ƙare. Daga Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 200 ne, daga Marwa zuwa Kuseri ya fi haka, ga hanyar Mora da Waza da Dabanga wadda kowa ya san halinta. Tukunya ɗaya ba ta kai ka.

Sai jakar hura numfashi ta manya da ta jarirai, da na'urar zuƙe majina, da ma'aunin hawan jini, da na sukari, da safar hannu. Gadon yana kulluwa a ƙasan motar ko yana yawo? Kujerarka tana da bel? Ina ake ajiye allurar tsayar da jinin haihuwa, wadda ke son sanyi, a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afirilu? Bayan haka ka zagaya ka duba tayoyi da safaya, ka tambayi direba yaushe aka taɓa birki, domin gangaren dutsen da ke tsakanin Ngawundere da Mbe ba ya yafe wa motar da birkinta ya mutu.

Direba shi ne ya fi kowa sanin gaskiyar gidan. Saya masa shayi ka saurara.

Wa ke biyan kuɗin mai? Na ji ana rigima a kan wannan.

Ana yi. A wurare da dama dangin majinyaci ake cewa su kawo kuɗin mai kafin mota ta motsa. Ka tambaya ƙarara: wa ke karɓar kuɗin, ana ba da rasit, kuma me ake yi idan dangi ba su da shi? Idan tsarin gidan shi ne kai za ka tsaya ciniki da mijin matar da ke naƙuda, ka guji wurin. Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo, sunan sabon yaro za a kira.

Sun ce in fara aikin sa kai, daga baya za a ɗauke ni. In yarda?

Na ga waɗanda suka shekara biyar suna jiran wannan "daga baya". Idan wurin koyo ne na gaske, wata uku ko shida ba asara ba ne, amma a rubuta ranar farawa da ranar gamawa, a kuma ba ka takardar shaida a ƙarshe.

In kuwa ɗaukar aiki ce, dokar ƙwadago ta 1992 tana bayanka. Kwantiragi mai wa'adi da ya wuce wata uku dole a rubuta shi. Ba ya wuce shekara biyu, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Lokacin gwaji ma sai a rubuce, kuma ga ƙaramin ma'aikaci ba ya haura wata shida. Hutu kwana ɗaya da rabi ne a kan kowane watan aiki. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba sefa 60,000 ne. Ka tambayi yadda ake lissafin aikin kwana a asibiti da kuɗin tafiya idan ka kwana a wani gari.

Wanda yara suka fi mantawa shi ne CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Ana cire kashi 4.2 cikin 100 na albashinka don fansho, amma kuɗin inshorar haɗarin aiki mai gida ne kaɗai ke biya. Kai da kake kwana a kan titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka tsaya ga ganin an cire a takardar albashi. Ka karɓi lambarka, bayan wata uku ka je ofishinsu da ƙafarka ka tabbatar ana zubawa.

Ƙungiyoyin agaji fa? Su ne kowa ke rububi.

Da dalili. Galibi motocinsu lafiyayyu ne, kayan aiki a cike, akwai ƙa'idoji a rubuce, ana kuma horar da mutum. Sai dai kwantiraginsu yana bin kuɗin da masu ba da tallafi suka saki, ana iya rufe shiri cikin 'yan watanni. Kuma inda suke aiki, Mayo-Saba da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, nan ne Boko Haram ta addaba tun 2014, ga nakiyoyin da ake binnewa a hanya. A watan Fabrairun 2022 an sace ma'aikatan MSF biyar a Fotokol, sai bayan kusan wata guda aka sako su. Ka tambaya ko ana tafiyar dare, wa ke ba da izinin fita, kuma kana da ikon cewa ba za ka je ba idan hankalinka bai kwanta ba. Ka kuma shawarci mahaifiyarka kafin ka karɓa, don ita za ta riƙa kwana ba barci.

Lafiyata ni fa?

Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku, kafin ka fara ko da kuɗinka ne. Sannan ka tambaya: idan allurar majinyaci ta soke ni cikin dare, ina zan sami maganin kariya daga ƙanjamau? Ana fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Gidan da ya yi shiru a kan wannan tambaya bai taɓa tunanin ma'aikatansa ba.

Hausa da Faransanci sun ishe ni?

A cikin gari za ka lallaɓa. A ƙauye Fillanci ne ke buɗe baki, a Kuseri kuma Larabcin Shuwa. Wata ƙanwarmu da ta fara aiki a wajen Yaguwa ta ce kalmomi ashirin na Masa da ta haddace sun fi mata amfani a kan rabin littattafanta.

An yi mini tayi a Njamena. Tsallaka gadar Ngeli ne kawai, ko ba haka ba?

Gadar gajera ce, kuɗin ma sefa ɗaya muke kashewa, amma ƙasa daban ce da dokarta da CNPS ɗinta. Kafin ka ɗaure kaya ka je ma'aikatar lafiya ta Chadi ka ji ko sun amince da takardarka, kuma mai ɗaukarka ya rubuta cewa shi zai nema maka izinin aiki. Ka kuma karanta inda za a ajiye ka. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afirilun 2023, guraben aikin agaji da yawa suna gabas ne, wajen Adire da Abeshe, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Njamena. Wani yaro ya sa hannu yana zaton zai riƙa zuwa Kuseri cin tuwon gida duk Juma'a, sai da babbar salla muka sake ganinsa.