Binciken Lafiyar Iyali da Yawan Jama'a na Najeriya

Binciken Lafiyar Iyali da Yawan Jama'a na Najeriya, wanda aka fi sani da NDHS, bincike ne na gida-gida da ake yi kusan duk bayan shekara biyar don sanin halin da mata da ƙananan yara ke ciki game da haihuwa, mace-mace, rigakafi da abinci. An fara shi a 1990, aka sake a 1999, 2003, 2008, 2013 da 2018, sai na 2023 zuwa 2024. Tun daga 1999 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke jan ragamarsa. Reshe ne na wani shiri na duniya da hukumar ba da tallafi ga ƙasashen waje ta Amurka, wato USAID, ta kafa a 1984. Nijar ma tana da nata, kuma na 2012 ya nuna mace a can kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaici.

Ba kowane gida ake shiga ba kamar a ƙidaya. A 2018 an zaɓi unguwanni da ƙauyuka 1,400, gida 30 a kowanne, aka tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49. An fassara tambayoyin zuwa Hausa, Yarbanci da Ibo.

Mace ce ke yi wa mace tambayoyi, a keɓe, tana shigar da amsa a kwamfutar hannu. Mafi nauyi shi ne tarihin haihuwa: uwa ta lissafa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, yaushe aka haifi kowanne, yana raye ko ya rasu, in ya rasu yana da wata nawa. Aikin na buƙatar lallashi, domin a ƙasar Hausa uwa kan ji kunyar ambaton ɗan fari, ranar haihuwa kuma sau da yawa sai an lalubo ta da azumi, babbar salla ko damina. Ana duba katin rigakafi, a auna nauyi da tsayin yara, wanda bai kai shekara biyu ba a kwance kan allo. Mutuwa wajen haihuwa kuwa ta hanyar tambayar mace labarin 'yan uwanta mata ake ƙiyasta ta.

A 2018 an gano yara 132 cikin 1,000 na rasuwa kafin shekara biyar, kashi 37 cikin ɗari kuma sun tsumbure. Matsakaicin haihuwa 'ya'ya 5.3 ne ga kowace mace, amma wannan adadi na ɓoye babban rata: 6.6 a Arewa maso Yamma, 3.9 a Kudu maso Yamma. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna haihuwa ta sauka zuwa 4.8, mutuwar yara zuwa 110, tsumburewa kuwa ta hau zuwa kashi 40. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da USAID ke bai wa shirin na duniya.