Kare Injin Waje na Na'urar Sanyaya Ɗaki Daga Sata da Lalacewa

Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ta fi yawa a gidaje da ofisoshi da asibitocinmu a yau kashi biyu ce. Akwai kan da ke manne a bangon ɗaki yana huro sanyi, akwai kuma injin da ake kafawa a waje, wanda ke ɗauke da kwamfureso (abin da ke matsa gas ɗin sanyi yana tura shi cikin bututu) da fanka da naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ke fitar da zafin da aka kwaso daga ciki. Mai gida yakan kula da na cikin domin shi yake gani kullum, amma na wajen, wanda ya fi tsada kuma yake shan rana da ƙura da ruwan sama, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka kunna aka ji iska mai ɗumi tana fitowa. Abin da ya sa wannan magana ta shafi mu ma'aikatan lafiyar muhalli shi ne, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, wannan na'ura ta wuce kayan jin daɗi ga tsoho mai ciwon zuciya, ko jariri sabon haihuwa, ko ɗakin ajiyar magunguna wanda yawancin kayan cikinsa an rubuta a kwalayensu cewa kada a bar su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30.

Ɓarawon da ke zuwa wa injin waje iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana taimakawa wajen shirya masa. Na farko yana son injin gaba ɗayansa domin ya sayar da shi a matsayin na hannu, kuma wannan ba aiki mai wuya ba ne, tun da injin na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi bai cika wuce kilo 25 zuwa 35 ba, noti huɗu ne kacal ke riƙe da shi, mutum ɗaya yana iya saɓa shi a kafaɗa. Na biyu jan ƙarfe kawai yake nema, sai ya yanke bututun biyu da suka haɗa na ciki da na waje tare da wayar wuta, ya kai wa masu awon tsoffin ƙarafa. Kuɗin da yake samu kaɗan ne, amma ɓarnar da ya bari tana da yawa, domin da zarar an yanke bututu duk gas ɗin ya tsere, kuma iska da danshi suna shiga su gurɓata man kwamfureso, wanda hakan kan kashe shi daga baya ko da an sake haɗa sabon bututu. Matsalar satar ƙarafa ta kai ga a watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birnin, suka kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon mako biyu. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa mafi yawan masu wannan sana'a halalinsu suke nema, amma muddin akwai mai sayen jan ƙarfe ba tare da tambayar inda aka samo shi ba, za a ci gaba da samun mai yankowa.

Tsaron injin yana farawa ne tun ranar da za a kafa shi, kafin a huda bango. Mai haɗawa yakan zaɓi wurin da ya fi masa sauƙi da ƙarancin bututu, wato daidai bayan ɗakin, ko da kuwa bayan ɗakin lungu ne da kowa ke bi. Hakkin mai gida ne ya tsaya ya ce a'a. A sanya injin a cikin katangar gida, a gefen da ake gani daga tagar da mutane ke kwana ko daga wurin zaman maigadi, kuma a ɗaga shi sama a kan maƙalan ƙarfe yadda mai tsaye a ƙasa ba zai kai hannu ba. A duba kada ya zama kusa da kan katanga, ko tankin ruwa, ko rufin bayan gida, wanda mutum zai taka ya iske shi. Ƙarin mita biyu ko uku na bututu yana da tsada, kuma idan tsawon ya wuce abin da kamfanin ya ƙayyade sai an ƙara gas, amma wannan kuɗi bai kai rabin na sabon inji ba. Idan an sami zaɓi, bangon arewa ko na gabas ya fi na yamma, domin ranar la'asar tana dukan bangon yamma a daidai lokacin da injin ya fi wahala.

Daga nan sai maganar kejin ƙarfe da ake kewaye injin da shi, kuma a nan ne na fi son a tsaya, domin injinan da na ga kejinsu ya kashe su ba su gaza waɗanda ɓarayi suka ɗauke ba. Aikin injin waje shi ne ya zuƙo iska ta baya da gefe, ya bi da ita ta cikin siraran faifan alminiyam da ke lulluɓe da bututun, ya tura ta waje ta gaba tana ɗauke da zafi. Duk abin da ya tare wannan hanya yana sa iskar mai zafi ta komo cikin injin, matsin gas ya hau, kwamfureso ya riƙa jan wuta fiye da ƙima yana yankewa yana tashi, har wata rana ya ƙone. Mutum zai kira mai walda ya ce a yi masa abin da ɓarawo ba zai iya taɓawa ba, mai walda kuwa ya kawo falankin ƙarfe ya rufe gefe uku, ko ya yi amfani da raga mai ƙananan idanu wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni, wani ma ya gina wa injin ɗan ɗaki na bulo ya bar taga ɗaya. Wanda ya yi haka ya tsare injinsa daga ɓarawo, amma kamar ya sa ɗan dako gudu ne da tsumma a hanci.

Kejin kirki da rodi mai kauri ko ƙarfe mai kusurwa ake yin sa, a bar tazarar da iska za ta wuce sosai amma hannu da sifana ba za su isa ga notuna da bakin bututu ba. Littattafan da ke zuwa da waɗannan na'urori sukan nemi a bar kimanin santimita 30 tsakanin bayan injin da bango, kimanin santimita 60 ta gefen da bututu da wayoyi suke da kuma ta sama, sannan a bar gabansa a buɗe mita ɗaya zuwa biyu ba tare da bango ko tarin kaya ba. A duba littafin na'urar da aka saya, domin ma'aunin yakan ɗan bambanta. Dole kejin ya zama da ƙofar da ake buɗewa, yadda mai gyara zai wanke injin ya auna gas ba sai an yanka ƙarfe ba, kuma a yi wa kwaɗon ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe wuyansa, domin kwaɗon da wuyansa ke fili almakashin ƙarfe yana tsinke shi cikin ƙiftawar ido. Ƙafafun kejin su shiga cikin bango ko cikin kankare, kada a ɗaure su da notin da za a iya kwancewa daga waje. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi rai: a ƙera kejin a shagon mai walda a kawo shi a gama, kada a yi ta walda a jikin injin. Da yawa daga cikin sababbin na'urori suna amfani da gas ɗin R32, wanda yake iya kamawa da wuta idan yana yoyo ya haɗu da tartsatsi, ba kamar tsohon R22 da ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987 ba. Ban da haka, tartsatsin yana ƙona faifan alminiyam, wutar waldar kuma tana iya lalata allon lantarkin injin.

Bututun da ke bin bango shi ma yana buƙatar sutura. A bi da shi ta cikin kwaroron ƙarfe ko na roba mai kauri da aka kafe a bango, wanda zai ɓoye jan ƙarfen daga ido ya kuma kare soson da ke naɗe da shi daga rana, domin soson da rana ta cinye yana rage sanyi. Ramin da bututun ya shiga ɗaki a toshe shi tsaf, saboda ta nan ɓeraye da sauro ke shiga. A sa fitila mai aiki da hasken rana a saman wurin, a rubuta sunan gida ko na asibiti da fenti a jikin injin, a kuma ɗauki hoton lambar da ke kan takardar gefensa a adana tare da rasit. Duk mai gyaran da ya zo, musamman a ma'aikatu da asibitoci da masallatai inda kowa ke zaton wani ne ya kira shi, a tambaye shi wanda ya aiko shi kafin ya kafa tsani, domin an sha kwance inji da rana tsaka mutane suna kallo suna zaton gyara za a kai shi.

Lalacewar da ba ta ɓarawo ba kuwa, babbarta a ƙasarmu ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana cika tsakanin faifan, sai ga shi bazara ta shigo injin yana fara aiki mafi nauyi a toshe. Saboda haka ƙarshen hunturu ne lokacin wanki: a kashe wutar injin daga makunninta, a zuba ruwa a hankali ba da ƙarfi ba, kada a sa tsintsiya ko buroshin ƙarfe domin faifan suna lanƙwashewa, kada kuma ruwa ya shiga akwatin wayoyi. Wanda ya rufe injinsa da leda ko tamfol lokacin sanyi ya tabbata ya cire kafin ya kunna. Da damina a lura kada indararo ya riƙa zuba a kansa, kuma wanda ke ƙasa a ɗora shi a kan dakalin siminti da ya fi inda ruwa ke kaiwa idan tsakar gida ta cika. Rumfar kwano tana da amfani idan an ɗaga ta sama an kuma ɗaure ta yadda iskar farkon damina ba za ta fizge ta ta maka a kan injin ba. Ƙadangaru da ɓeraye suna shiga akwatin wayoyi su haɗa wuta, abin da ya fi yi wa na'urori masu inbata (waɗanda ke rage ko ƙara gudun kwamfureso da kansu) illa saboda allon lantarkinsu yana da tsada, don haka a tabbata murfin yana rufe, a kuma share ciyawa da tarkace daga kewayen. Kada a ɗaure dabba a jikin kejin, kada a shanya tufafi a kansa, kuma a hana yara tura kara ko yatsa cikin fankar. Janareta ma a nisanta shi, domin zafinsa da baƙin hayaƙinsa suna shiga injin, kuma hayaƙin nan mai kisa ne idan ya sami hanyar shiga ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Ruwan da na'urar ke ɗigarwa a bi da shi zuwa magudana ko gindin shuka, kada a bar shi ya kwanta ya zama wurin ƙyanƙyasar sauro.

Wutar lantarki ita ce ɗaya abokiyar gabar. An ƙera waɗannan na'urori su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, kuma idan ta yi ƙasa sosai kwamfureso yakan yi gurnani ya kasa tashi, wayoyin cikinsa suna zafi. A sa sitabilaiza da ta dace da girman na'urar, ko aƙalla ɗan akwatin nan mai yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, wanda kuma yake jinkirta dawowarta. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka juya daga layi zuwa janareta, a dakata kamar minti uku kafin a sake kunnawa domin matsin gas ya daidaita. A tabbata an haɗa wa injin wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, musamman da yake yanzu an kewaye shi da ƙarfen da yaro zai iya dafawa bayan ruwan sama.

Idan duk da haka aka wayi gari an yanke bututu ko an ɗauke injin, abu na farko shi ne a kashe wutar layin daga akwatin fis, domin wayar da aka yanke tana iya zama da wuta. Kada a taɓa bakin bututun idan har yana huci, saboda gas ɗin yana fitowa da sanyin da ke ƙona fata, kada kuma a kusanto da wuta ko taba. Bayan ya lafa a naɗe bakunan da leda da salatif domin hana danshi da ƙura shiga, a ɗauki hoto, a kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar injin, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. Idan an kama wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma, kada a ɗauki doka a hannu. A asibiti ko shagon magani a kwashe magungunan da zafi ke ɓatawa zuwa wani ɗaki mai sanyi tun kafin rana ta ɗaga. Lokacin gyara a nemi mai gyaran ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da famfon zuƙe iska kafin ya zuba gas, ya kuma zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin injin, ba wanda ya samu da araha ba. Wanda kuma zai maye gurbin injinsa da na hannu ya nemi rasit da sunan mai sayarwa da shagonsa, ya duba ko an kankare lambar da ke gefe ko an shafe wani rubutu da sabon fenti, idan ya ga haka ya bar shi komai arahar kuɗinsa.