Ba tsufa kaɗai ke zaunar da dattijo a gida ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk dattijon da ya daina fita, tsufa ne ya ci ƙarfinsa, har wasu 'ya'yan suna ganin hana shi zirga-zirga kyautatawa ce. Wannan fahimta tana da gyara, domin sau da yawa yanayin unguwa ne ke zaunar da mutum tun gwiwoyinsa ba su gaza ba.

A dubi lungunan cikin birnin Kano. Dattijon da masallaci ke kusa da gidansa yana takawa sau biyar a rana, ya biya ta majalisa, ya leƙa wurin mai kayan miya, kuma duk wannan motsa jiki ne. Amma idan buɗaɗɗiyar kwata ta ratsa ƙofar gidansa, babu fitila da asuba, ga 'yan adaidaita sahu suna wucewa a guje, tsoron faɗuwa kaɗai ya isa ya mayar da shi kan tabarma. Abin takaicin shi ne, yawan zaman yana raunana tsoka, raunin kuma yana ƙara haɗarin faɗuwar da ake gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Tun a 2007 ma ta lissafa hanyar ƙafa mai kyau, wuraren zama a huta da tsallaka titi cikin aminci a cikin abubuwan da birni ke buƙata domin tsofaffinsa.