Fasto ma Yana Gajiya: Tambayoyi kan Dogon Hutun Shugabannin Ikilisiya

Wane irin hutu ake nufi?

Ba hutun shekara ba ne, ba kuma na jinya ba. Lokaci ne da ikilisiya ke sauke wa fasto wa'azi, ziyara da zaman kwamiti gaba ɗaya, albashinsa na tafiya, don ya huta, ya yi addu'a, ya yi karatu. Galibi wata uku ne, bayan hidimar shekara bakwai zuwa goma, kamar yadda ake yi a Cocin Ingila. A Katolika kuwa, dokar coci ta ba fada mai riƙe da ikilisiya hutun wata guda a shekara, ban da kwanakin da yake keɓewa don addu'a, amma wannan hutun shekara ne, ba dogon hutu ba.

Yana da tushe a Littafi Mai Tsarki?

Littafin Firistoci sura 25 ta ce a noma gona shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta. A Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa wurin da ba kowa, saboda jama'a sun hana su ko cin abinci. Amma wadda ta fi dacewa a ganina ita ce Fitowa 18. Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma shi kaɗai, ya ce masa abin nan ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Maganin da ya ba shi shi ne ya raba aikin ga amintattun mutane. Musulmi ma sun san hadisin da ke cewa jikinka yana da hakki a kanka, kuma liman yakan samu na'ibi.

Ai ranar Lahadi kawai yake aiki, gajiyar me?

Mai faɗin haka bai taɓa kwana gidan fasto ba. Shi ne asibiti da tsakar dare, shi ne jana'iza da safe, da yamma sulhun miji da mata. Asirin mutane na cikinsa, ba shi da wanda zai amayar wa. A Amurka, binciken cibiyar Barna na 2022 ya nuna kashi 42 cikin 100 na fastoci sun yi tunanin ajiye aikin.

Wa zai biya?

A nan gizo ke saƙar. A Amurka gidauniyar Lilly Endowment da ke Indiana tana ba ikilisiyoyi tallafin dubban daloli, har da kuɗin wanda zai riƙe aikin. Ikilisiyar ƙauye da ke biyan fasto da baikon Lahadi da buhun masara ba ta da wannan gata. Duk da haka wata guda ba ya gagara, in dattawa da mai bishara suka raba wa'azi, gunduma kuma ta aiko mai ba da jibin Ubangiji. Tunanin ma ba baƙo ba ne a nan: tuntuni ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta gina gidan hutu a Miyango, kusa da Jos, don ma'aikatanta.

Idan ya tafi aka ga an fi jin daɗin wanda ya riƙe fa?

Wannan tsoron ne ke hana da yawa tafiya, ko da ba su furta ba. Shi ya sa ake rubuta yarjejeniya tun farko: ranar tafiya, ranar dawowa, da cewa kujerarsa na nan. Wasu ikilisiyoyin kan ƙara sharaɗin ya yi aƙalla shekara guda bayan ya dawo. Kada kuma dattawa su mai da hutun hanyar korar faston da suka gaji da shi. In akwai rigima, a zauna a warware ta tukuna.

Zai iya amsa gayyatar wa'azi a wani wuri?

Gara kada ya amsa. Wanda ya kwashe wata uku yana zagayen tarurrukan farkawa wurin aiki kawai ya sauya. Kuma in yana zaune a gidan da ke harabar coci, ƙofa ba za ta daina bugawa ba, sai dai ya kwashi iyalinsa su bar garin.