Kanada ba ta da bizar saurayi da budurwa: fashin baƙin dokar ɗaukar nauyin abokin rayuwa

Magana ta yawaita cewa wai Kanada tana da wata ƙofa da mutum zai shigar da budurwarsa, ko mace ta shigar da saurayinta, ba tare da an ɗaura aure ba, muddin sun shekara suna soyayya ta waya. Maganar tana da tushe a doka, amma an yanke mata kai da ƙafa, kuma wanda ya bi ta a haka yana iya jawo wa wanda yake ƙauna haramcin shiga ƙasar na shekara 5.

A ƙarƙashin dokar shige da fice da kare 'yan gudun hijira, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2002, ɗan ƙasar Kanada ko mai izinin zama na dindindin da ya kai shekara 18 yana iya ɗaukar nauyin abokin rayuwarsa ta ɗaya daga hanyoyi uku. Akwai ma'aurata, akwai waɗanda suka zauna gida ɗaya wata 12 a jere ba tare da aure ba, sai rukuni na uku, wanda shi ne ake ta surutu a kansa. Rukunin waɗanda aka yi wa baiko kuwa, wannan dokar ce ma ta soke shi.

Rukuni na uku an yi shi ne domin mutum biyu da suka riga suka haɗa rayuwarsu tamkar miji da mata na aƙalla shekara 1, amma wani shinge da ya fi ƙarfinsu ya hana su aure, ya kuma hana su zama tare. Dole wanda za a ɗauki nauyinsa ya kasance yana zaune a wajen Kanada. Hukumar shige da fice ta ƙasar, wato IRCC, tana kawo misalin wanda igiyar wani auren ke kansa a ƙasar da babu saki, da masu jinsi ɗaya a ƙasar da ta haramta hakan, da waɗanda bambancin addini zai jawo musu tsangwama ko hukunci.

A ɗauki misalin wata mata a Manila, babban birnin Filifin, da ta rabu da mijinta shekaru da yawa. Dokar Filifin ba ta ba wanda ba Musulmi ba damar saki, don haka a takarda har yanzu matar aure ce, ba za ta iya auren masoyinta da ke birnin Winnipeg na Kanada ba ko da a wace ƙasa suka je. Ta nemi bizar ziyara an hana ta, shi kuma ba shi da izinin da zai zauna a can shekara guda. Duk wata yana aika kuɗin haya da na makarantar 'yarta, sunanta ne a takardar inshorarsa, danginsu duka sun san da zamansu. Irin wannan matar aka yi wa wannan ƙofa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ma'anar shinge. Wanda ya ce aiki ne ya hana shi zuwa a ɗaura aure, ko karatu bai ƙare ba, ko kuɗin biki bai taru ba, duk wannan a wurin jami'in hukuma zaɓi ne, kuma jagorar hukumar ta fito fili ta ce wanda zai iya zama da abokinsa amma ya ƙi, don kada ya bar aiki ko karatu, bai cancanta ba. Tambayar da jami'i zai fara yi wa kansa ita ce: me ya hana wannan mutumin hawa jirgi ya je ya yi aure? Idan amsar ita ce babu abin da ya hana, da wuya takardar ta kai labari. Gaskiya ne kalmar shinge ba ta cikin ma'anar da ƙa'idojin dokar suka bayar, domin abin da suka ambata shi ne zama a wajen Kanada da dangantaka ta shekara 1, kuma lauyoyi kan kafa hujja da wannan a wurin ɗaukaka ƙara. Sai dai mai neman biza da jami'i zai fara haɗuwa kafin alƙali, shi kuwa jami'i da jagorar hukumarsa yake aiki.

Ita kanta dangantakar ana auna ta ne da ma'aunin da Kotun Ƙolin Kanada ta amince da shi a wata shari'a ta 1999: haɗa muhalli, haɗa aljihu, ɗawainiyar juna, 'ya'ya, da yadda jama'a ke kallon mutanen biyu. Tarin saƙonnin WhatsApp kaɗai ba ya cika wannan ma'auni, komai yawansa.

Akwai kuskure biyu da suka fi kusa da mu. Na farko, wasu na zaton mai mata zai iya shigar da amaryarsa ta wannan rukuni tunda doka ta hana shi aure na biyu. Hakan ba ya yiwuwa, domin auren mace fiye da ɗaya laifi ne a sashe na 293 na kundin laifuffukan Kanada, kuma hukuma abokin rayuwa ɗaya take karɓa a lokaci guda. Na biyu, tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta waya, ta intanet ko ta wakilci alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, in ban da sojojinta da ke bakin aiki. Angon da ke Toronto aka ɗaura masa aure a gida ta hannun wakili yana buƙatar lauya ya duba masa takardunsa tun kafin ya cike fom.

Sai batun hukunci, wanda dillalan biza ba sa ambata. Sashe na 40 na dokar shige da fice ya ce duk wanda ya faɗi ƙarya ko ya ɓoye wani muhimmin bayani za a haramta masa shiga Kanada shekara 5, kuma ba ya kuɓutar da mutum ya ce dillali ne ya cike masa fom, tunda shi ya sa hannu. Idan an kai ga gurfanarwa a kotu, tara tana iya kai dalar Kanada 100,000, ko ɗaurin da ya kai shekara 5, ko duka biyun. Idan an ƙi takarda saboda jami'i bai gamsu da dangantakar ba, mai ɗaukar nauyi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na shige da fice. Amma idan dalilin ƙin shi ne zargin ƙarya, sashe na 64 ya bar wannan dama ga miji ko mata, da abokin zaman gida ɗaya, da ɗa ko 'ya kawai. 'Yan rukuni na uku ba sa cikin jerin, sai dai su nemi Kotun Tarayya ta sake duba yadda aka yanke hukuncin. A ganina wannan bai yi adalci ba, domin mutanen da doka ta amince cewa an fi takura musu su ne aka rage wa hanyar kare kai, alhali su ne takardunsu suka fi sarƙaƙiya, suka fi saurin jawo zargi.

Shi ma mai ɗaukar nauyi akwai igiya a wuyansa. Yana sa hannu cewa zai ɗauki ci da sha da muhallin abokinsa shekara 3 daga ranar da ya sami izinin dindindin, kuma alƙawarin ba ya warwarewa ko da sun rabu bayan wata biyu. Idan abokin ya karɓi tallafin gwamnati a cikin wannan lokaci, bashi ne da mai ɗaukar nauyi zai biya. Lardin Kebek yana da nasa tsarin alƙawarin daban. Ita kuma wadda aka kawo, kada a tsorata ta da cewa za a mayar da ita gida idan ta bar gidan da ake cutar da ita, domin sharaɗin zama tare na shekara 2 da aka kafa a 2012 an soke shi a watan Afrilun 2017. Abin da ya rage a kanta shi ne ba za ta iya ɗaukar nauyin wani sabon miji ko abokin rayuwa ba sai ta cika shekara 5 da samun izinin zama.